Gargaɗi: katakon da anka ce an jiƙa da maganin gara, ashe baƙin mai ne

Kafintocin Sakkwato, masu aikin rumfa da rufi, ku ji wannan. Naira 480,000 na ƙirga na ba wani mai sayar da katako, a kan ginshiƙai masu inci 4 da 4 guda 24, da masu 2 da 6 guda 40. Wai madaci ne busasshe, ya kwana biyu cikin Solignum, maganin kare katako daga gara. Wata biyar kacal, gara ta cinye gindin ginshiƙai tara a rumfar da munka kafa a Mabera. Dubu ɗari huɗu da tamanin!

Har yanzu ina jin muryarsa: "Malam, ɗaga ka ji nauyi, magani ne ya cika shi." Na ɗaga, na ji nauyi, na yarda. Ashe ruwa ne. Ɗanyen katako ya ba ni, kuma ɗanyen katako ba ya shan magani, don ruwa ya riga ya cika ƙofofinsa. Zarto na cikin jakata a ranar. Yana cikin jakata, wallahi, ban yanka ba.

Jiya na tsaga guda uku. Baƙin bai kai kaurin farce ba, ciki fari fat. Baƙin man mota ne anka sirka da dizal, anka shafa da buroshi. Kuma rabin kowane ginshiƙi farin gefen icce ne, ba jar zuciyar ba. Zuciyar madaci tana ɗan jure wa gara, farin gefen ne abincinta, shi ne kuma ya fi shan magani in da an jiƙa shi da gaske.

Kada wani ya ce aikina ne. Ban binne ginshiƙi ko ɗaya cikin ƙasa ba, kan kankare na ɗora su da takalmin ƙarfe, duk bakin da na yanka na sake shafe shi sau uku. Tun kafin damina na kira mai katakon da na ga katakon na tsagewa, ya ce zafin Sakkwato ne. Kai, tun ranar sauke kaya ma na fara ganin maiƙo a hannuna. Yanzu wayarsa a kashe, mai rumfa ni yake nema da 480,000.

Hotunan yankan da shaidar biyan kuɗi suna nan, zan ɗora su da dare.

Ku yanki guda ɗaya a tsakiya kafin ku biya. In ya hana, ku bar masa kayansa.