Mako biyu da shafin jagorar masu haɗa manhaja na Wikimedia

Ƙaramin aiki ne ya kai ni wurin. Nakan taɓa gyare-gyare a Wikipedia ta Hausa idan na samu sarari, kuma na daɗe ina son sanin cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, waɗanne ne ba su da muƙala da Hausa, waɗanne ne kuma suke da ita amma layi biyu kacal. Bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu sai mutum ya yi furfura. Python, yaren rubuta manhajar da na iya kuwa, na 'yan koyo ne, rabi kwafe rabi addu'a.

Na taɓa gwadawa shekarun baya na watsar, don ban ma san sunan abin da nake nema ba. Bayanan suna nan birjik, wasu a shafin mediawiki.org, wasu a na Wikitech, wasu a Wikidata, rumbun bayanan Wikimedia. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma sai ya san abin da zai tambaya.

Shafin developer.wikimedia.org, wanda aka buɗe a 2022, wannan gurbin ya zo ya cike. Shi kansa ba ya ɗauke da dogon bayani. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha: ina za ka, ga motarka can. Bai tare ni da sunayen fasahohi ba, da buƙatata ya fara. Kana so ka ɗebi bayanai ka yi amfani da su? Kana so ka gina kayan aiki ko bot, wato manhajar da ke yin aiki da kanta? Ko kuwa gyara za ka kai wa MediaWiki kanta, manhajar da Wikipedia ke gudana a kai? Kowace hanya da 'yan mahaɗai kaɗan, kowanne da jimla ɗaya ko biyu da ke faɗa maka abin da za ka tarar. A ganina wannan ƙarancin shi ne gwanintar. Da sun jibge komai a shafi ɗaya, da na sake gudu. Ga shi ba nauyi, ya buɗe mini a waya ranar da sabis ke jan ƙafa, kuma bai cinye mini data ba.

Inda na fi ƙaruwa shi ne ApiSandbox, wani shafi na musamman da ke cikin Wikipedia ta Hausa ma, amma ban taɓa sanin da zamansa ba. API dai ita ce ƙofar da manhaja ke bi ta roƙi bayanai, maimakon mutum ya buɗe shafi da ido. A wannan fili sai ka zaɓi abin da kake so ta hanyar latse-latse, ka aika, amsar ta fito a gabanka, sannan ya ba ka adireshin da za ka liƙa a cikin manhajar da kake rubutawa. Minti ashirin a nan ya fi mini karatun dare biyu. A nan ne kuma na kama wautata. Jerin da na ɗebo ya tsaya cak a 500, har na fara murna wai na gama. Ashe 500 ɗin iyakar abin da ake ba mai asusu na gama-gari ne a roƙo ɗaya, kuma a ƙasan amsar akwai alamar ci gaba da ya kamata in mayar don a ƙaro mini sauran. Tana rubuce a bayanin, ni ne na tsallake ta don gaggawa.

Daga baya na gane Wikidata ce ta fi dacewa da tambayata. Wurin tambayarta yana aiki da SPARQL, wani yaren tambayar bayanai, wanda kallon farko ke sa ciwon kai, sai dai akwai tarin misalai da za ka ɗauko ka sauya. Da na san a lambobin Wikidata P17 na nufin ƙasa, Q1033 kuma Najeriya, sai hanya ta buɗe. Tambayar da ta wuce daƙiƙa 60 yanke ta ake yi, wannan ya koya mini tsuke baki. Sauran aikin a PAWS na yi shi, wani dandalin Wikimedia na rubuta Python, inda Pywikibot, kayan aikin sarrafa shafukan wiki, ke jira a shirye cikin burauza, ka shiga da asusunka na Wikipedia kawai. Ga mai tsohuwar kwamfuta da batirinta ba ya riƙe caji idan an ɗauke wuta, wannan babban sauƙi ne.

Abin da mai zuwa ya kamata ya sani: da ka bi mahaɗi, ka bar shafin jagorar. Za ka faɗa wikin da 'yan sa-kai da ma'aikata suka shekara da shekaru suna rubutawa, wani shafin tsaf, wani kuma sai ka yi haƙuri da shi. Mafi yawansu da Turanci suke, misalan ma galibi daga Wikipedia ta Turanci, kai za ka mayar da en (Turanci) zuwa ha (Hausa) a cikin adireshin. Sannan ka kula da haruffanmu masu lanƙwasa. A wurin na'ura, K daban Ƙ daban, don haka sunan da wani ya rubuta ba lanƙwasa zai iya fito maka a matsayin muƙalar da babu ita alhali tana nan. Wannan ya ci mini yini guda.

Jerin yanzu yana ƙaramin shafina na gwaji, ina tace shi jiha bayan jiha. Na gama Jigawa da Katsina, gobe in Allah ya kai mu zan shiga 44 ɗin Kano.