Beauty ko The Wrath and the Dawn: wanne za a fara saya wa yarinya 'yar shekara 16?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki mai shekara 16 ta kamu da son littattafan Turancin nan na matasa, waɗanda ake ɗauko tsohuwar tatsuniya a sake ginata ta zama dogon labarin soyayya da sihiri. Kin ce ta kawo miki sunayen guda biyu, Beauty na Robin McKinley da The Wrath and the Dawn na Renée Ahdieh, tana so ki saya mata ɗaya, ke kuma kina son sanin bambancinsu kafin ki fitar da kuɗinki. Na karanta su duka biyun, na farkon ma fiye da sau ɗaya. Shawarata ita ce ki fara mata da Beauty, ki ajiye na biyun sai lokacin da ke ma za ki samu sukunin karanta shi tare da ita. Sai dai dalilin ya fi shawarar muhimmanci, domin da shi ne za ki auna sauran littattafan da za ta kawo miki nan gaba.

Kowanne daga cikinsu yana da tushen da ya girme shi da ɗaruruwan shekaru. Beauty ya fito a 1978, shi ne littafin farko na marubuciyarsa, Ba'amurkiya, kuma an gina shi ne a kan tatsuniyar kyakkyawar yarinya da dodo, wadda wata Bafaranshiya mai suna Villeneuve ta wallafa a 1740, sannan Leprince de Beaumont ta taƙaita ta a 1756, taƙaitacciyar kuma ita ce ta zagaye duniya. The Wrath and the Dawn kuwa ya fito a 2015, ita ma marubuciyarsa Ba'amurkiya ce, tushensa kuma abu ne da ba baƙo ba a wurinmu: labarin Shaharzad da Sarki Shahariyar, wanda shi ne rumfar da labaran Dare Dubu da Ɗaya suke zaune a ƙarƙashinta. Ɗauko tsohon labari a sa masa sabuwar riga ba sabon abu ba ne ga mai karatun Hausa, tun da abin da Abubakar Imam ya yi ke nan a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa ya mayar da su 'yan gida.

Ƙashin bayan littattafan iri ɗaya ne. Yarinya ta bar gidan ubanta da ƙafarta, ta shiga gidan namijin da kowa yake tsoro, ba ta da tabbacin za ta fito da rai, a hankali kuma tsoron ya juye ya zama so. Bayan wannan kusan ba su da wata mahaɗa.

A Beauty, yarinyar ita ce take ba da labarin da bakinta. Sunanta na yanka yana nufin mutunci, kyakkyawa kuwa laƙabi ne da ya bi ta tun tana ƙarama, ita kuma tana jin nauyinsa domin tana ganin yayyenta biyu ne masu kyau, ita siririya ce mai manyan hannuwa da ƙafafu, wadda ba ta da abin tinƙaho sai karatu da dokinta. Marubuciyar ta yi wani sauyi da nake ganin shi ne zuciyar littafin: ta cire hassadar yayyen da take cikin tsohuwar tatsuniya, ta mayar da su masu ƙaunar ƙanwarsu. Mahaifinsu attajiri ne mai jiragen ruwa, dukiyarsa ta nutse, suka sayar da gida suka koma ƙauye a bakin wani daji, inda mijin ɗaya daga cikin yayyen ya buɗe maƙera. Mai karatu yana daɗewa tare da su suna faskare, suna girki, suna koyon zaman talauci ba tare da sun ci mutuncin juna ba, kafin ma dodon ya bayyana. Saboda haka ranar da uban ya dawo da furen wardi a hannu da mummunan labari a baki, cewa ya tsinki furen a lambun dodo kuma dole ya koma a kashe shi ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ta je a madadinsa, mai karatu ya riga ya san girman abin da yarinyar za ta bari a baya.

Shaharzad ta Ahdieh daban take. Shekarunta 16, sa'ar ƙanwarki, bakinta da kaifi, ta iya harbi da baka, kuma ba fansar uba ta kai ta fada ba, ɗaukar fansa ce. Halifan Khurasan, saurayi mai shekara 18 mai suna Khalid, yana auren budurwa kowane dare, da asuba a shaƙe ta da igiyar alharini, kuma aminiyar Shaharzad tana cikin waɗanda aka kashe. Ta miƙa kanta a aura masa ita da niyyar ta kashe shi, ta tsallake asubar farko da dabarar da muka sani, wato ta fara labari ta yanke shi a inda ya fi daɗi. An ba da labarin ta fuskoki da yawa, har da ta saurayinta na farko da ya tashi neman kuɓutar da ita, da ta mahaifinta da baƙin ciki ya tura shi ga wani littafin sihiri. Akwai takubba, akwai maƙarƙashiyar fada, akwai guba, kuma shafukan suna gudu. Yarinyar da ta saba da labari mai zafi za ta fi jin daɗinsa tun daga shafin farko, kuma ba zan ɓoye miki wannan ba.

Inda nake so ki tsaya ki duba da kyau shi ne laifin da kowane namijin yake ɗauke da shi, domin a nan ne littattafan suka rabu rabuwa ta gaske. Munin dodon McKinley a jikinsa yake. Tsinuwa ce ta gado ta faɗa a kansa, ya yi kusan shekara 200 a cikin kaɗaici, kuma babban laifinsa a cikin labarin shi ne barazanar da ya yi wa uban don a kawo masa yarinyar. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne, kuma littafin bai mayar da shi wasa ba. Amma bayan ta iso bai taɓa tilasta mata komai ba. Kowane dare bayan cin abinci yakan tambaye ta ko za ta aure shi, ta ce a'a, ya karɓi amsar ya tafi, gobe kuma ya sake tambaya. Na daɗe ina tunanin wannan maimaicin, domin abin da yake nuna wa yarinya shi ne cewa ƙin amincewarta yana da nauyi, kuma namiji mai ƙarfin da zai iya murƙushe ta yana iya jin "a'a" ya haɗiye. Abin da ya haɗa su ma ba kallon ido ba ne. Ɗakin karatu ne, mai ɗauke har da littattafan da a zamaninsu ba a riga an rubuta ba, da karatun da take yi masa a bayyane saboda faratansa ba sa iya buɗe shafi yadda ya kamata, da wahalar da ta sha kafin dokinta ya yarda ya tsaya kusa da shi.

Khalid kuwa kyakkyawa ne a fuska, muninsa yana cikin abin da ya aikata. 'Yan mata da dama sun mutu bisa umarninsa kafin Shaharzad ta shigo. Tun a buɗewar littafin an nuna cewa akwai tsinuwa a kansa, cewa sai ya ba da rai ɗari a madadin rai ɗaya, in ba haka ba ruwan sama zai ɗauke kuma birninsa zai halaka. Wannan sauyi ne babba daga asalin labarin, inda Shahariyar yake kisa don fushin cin amanar da matarsa ta yi masa, babu wani uzuri na sihiri, kuma aikin Shaharzad shi ne ta warkar da zuciyar azzalumi da magana, dare bayan dare, har ta ceci matan ƙasar. Ahdieh ta ba wa sarkinta uzuri domin mai karatu ya iya son sa. A ganina farashin wannan ya yi tsada. Da zarar an ce tsinuwa ce ta tilasta masa, sai tausayi ya koma kan wanda ya yi kisan, waɗanda aka kashe kuma su zama inuwa a bayan labarin soyayya. Gaskiya ne cewa Shaharzad tana fama da kanta, tana jin ta ci amanar aminiyarta, kuma marubuciyar ta nuna cewa Khalid yana rubuta wa iyalan matan wasiƙun neman gafara da bai taɓa aikawa ba. Duk da haka zuciyarta ta karkata gare shi da wuri, tun kafin ta san dalilinsa, kuma wannan ne wurin da nake so babba ya kasance kusa da yarinya mai karatu, ya tambaye ta: da ba a gaya mana uzurinsa ba, me za mu ce game da wannan so?

Akwai wani abin da ya ba ni takaici a matsayina na wadda ta tashi da jin Dare Dubu da Ɗaya. Labaran da Shaharzad take bayarwa, waɗanda su ne makaminta a asali, ba su da yawa a wannan littafi, kuma bayan dararen farko sai suka ja baya, sha'awar da sarki yake yi mata ta maye gurbinsu. A asali hikimarta ce ta raya ta. A nan kuwa, bayan ɗan lokaci, son da yake mata ne yake raya ta, kuma waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne.

Kada ki ɗauka Beauty ba shi da aibi. Yana tafiya a hankali, kuma yarinyar da ba ta da haƙurin karatu tana iya ajiye shi kafin a kai gidan dodo. Ƙarshensa kuma an yi shi da gaggawa: cikin 'yan shafuka tsinuwa ta karye, dodo ya zama mutum, ita ma ta dubi madubi ta ga ashe ta girma ta zama kyakkyawa. Na so a ce an bar ta yadda take, tun da dukan littafin ya ginu ne a kan cewa darajarta ba a fuska take ba. Haka kuma ya kamata a tuna wa yarinya cewa tatsuniyarmu ta Hausa takan bi hanyar da ta saɓa wa wannan: budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, sai dodo ya rikiɗa ya zo mata a siffar saurayi marar aibi, ba ta gane ba sai da suka yi nisa cikin daji. Tamu tana gargaɗi ne game da kyakkyawan da cikinsa dodo ne, ta Faransawa kuma tana magana a kan dodon da cikinsa mutum ne. Yarinya tana bukatar ta riƙe duka biyun, domin ta biyun ita kaɗai tana iya sa ta zaci cewa haƙurinta zai gyara kowane mugu.

Game da kunya da tarbiyya, wanda na san yana cikin ranki ko da ba ki faɗa ba, Beauty ba shi da abin da zai sa ki sunkuyar da kai. Na taɓa karanta wa 'yar yayata wasu babi nasa da dare, an ɗauke wuta, muna haska shafin da fitilar waya, mahaifiyarta tana gefe tana tsince shinkafa tana saurare, kuma ban tsallake layi ko ɗaya ba. Abin da ya tsaya wa yarinyar a rai har ta yi ta tambaya shi ne ko zai bar ta ta koma gida, da muka kai inda ya sallame ta na mako guda alhali ya san rashinta na iya kashe shi, sai ta yi shiru na ɗan lokaci. The Wrath and the Dawn ba littafin batsa ba ne, amma an ambaci kwanciyar aure tun a dararen farko, a taƙaice, a lokacin da yarinyar take ƙin mijin, akwai kuma sumba da zubar da jini da zancen mace da ta kashe kanta. Ki kuma lura da wani littafi da masu son waɗannan biyun suke yawan kaiwa gare shi, A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas, wanda shi ma ya fito a 2015 kuma ya ɗebo daga tatsuniyar dodon. Akwai bayanin kwanciya a fili a cikinsa, ya ƙaru kuma a littattafan da suka biyo bayansa, yanzu ma a sashen manya ake jera su. Ba na 'yar shekara 16 ba ne.

Ta fuskar Turanci, na McKinley ya fi tsufa da natsuwa, jimlolinsa dogaye ne, zai kuma ƙara mata kalmomi masu amfani a makaranta. Na Ahdieh ya fi sauƙin bi, yana cike da kwatancen tufafi da abinci da turare, da kalmomin Farisa da Larabci waɗanda wasu daga cikinsu kunnen Bahaushiya zai gane. Ta fuskar aljihu kuma akwai bambanci: Beauty cikakke ne a littafi ɗaya, shi kuwa ɗayan ya tsaya a tsakiyar rikici, sai an sayi The Rose and the Dagger na 2016 kafin a ga ƙarshen labarin. Idan lokacinsa ya yi, ki saya su tare, ki kuma nemo mata Dare Dubu da Ɗaya na Hausa ta fara karanta buɗewarsa, domin ta san Shaharzad ta asali kafin ta haɗu da wannan.