Kontak ko na'urar lantarki: wanne ya fi sauƙin gyara idan wutar filogin mota ta ɗauke?

Tsohuwar mota ƙirar MGB ta ƙi tashi, filogi ba wuta. Idan distiributarta (mai rarraba wuta ga filogi) Lucas 25D ce mai kontak, komai a fili yake: cire murfin, a juya injin, ka duba ko bakin kontak yana buɗewa. Tazararsa milimita 0.35 zuwa 0.40 ce. In bakin ya ƙone ya yi ƙuraje, yawanci kwandensa ce ta mutu. Canza su tare. A gefen titi ma sukudireba ta isa.

Na'urar lantarki irin Pertronix, wadda ake sakawa a madadin kontak, kuwa ba ta cinyewa, ba ruwanta da saiti, wutarta daidai kullum. Sai dai barin makulli a kunne injin na kashe, ko koyil ƙasa da ohm 3, kan ƙona ta, kuma in ta ƙone ba gyara, sai sabuwa.