MCP Inspector: ya nuna mini abin da wakili ke karantawa

Wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke yi wa mutum aiki da kanta, ba ya leƙa cikin kayan aikin da aka haɗa shi da su, wato ƙananan shirye-shiryen kwamfuta da yake kira su yi masa aiki. Abu uku ake miƙa masa: suna, bayani a rubuce, da jerin guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wata ƙa'idar fayyace siffar bayanai. Da su kaɗai yake yanke shawarar wanne zai ɗauka da abin da zai saka a ciki. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarinsa na kiran kayan aiki a Yunin 2023, kuma haka yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya saki a Nuwamban 2024. Dalilin da ya kai ni ga MCP Inspector, manhajar duba kayan aikin MCP da gwada su, ke nan. Ina so in ga waɗannan bayanai kamar yadda wakili ke ganinsu kafin in sakar masa aiki.

Tayar da shi ba wuya. Kyauta ne, in akwai manhajar Node.js a kwamfuta umarni ɗaya ya isa, sai ya buɗe a burauza. A haɗa shi da saba, wato shirin da ke miƙa wa wakili kayan aiki, a danna neman jerin kayan aiki, komai ya bayyana.

Inda ya fi yi mini amfani shi ne wata saba ta kula da odar masu saye da aka ba ni in duba. Kayan aiki biyu na jere, search_orders da find_orders. Bayanin na farko jimla ɗaya ce mai cewa yana neman oda, na biyun ma kusan haka. Sai da na gwada su da hannu na gane cewa ɗaya yana nema da lambar oda, ɗayan da sunan mai saye. Ni da nake da damar gwadawa sai da na sha wahala, ina ga wakilin da zai zaɓa daga karatu kawai? Akwai kuma gurbin kwanan wata da ba a faɗi yadda za a rubuta shi ba. In wakili ya aika 03/04, uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris? Sabar ta karɓa ba ta ce uffan ba, ta dawo da amsa. Wannan ya fi kuskure bayyananne haɗari, domin babu wanda zai farga.

Na ji daɗin yadda Inspector ke nuna saƙon kuskure yadda ya fito. Mutane na mantawa cewa shi ma bayani ne. Saƙon da ya ce an samu matsala ya yi shiru, ya bar wakili yana ta maimaita abu ɗaya. Wanda ya ce kwanan wata sai an fara da shekara, sannan wata, sannan rana, ya koya masa gyara nan take.

Sai maganar tsaro, wadda ta fi damuna. A Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaro na Invariant Labs suka nuna cewa ana iya cusa umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, alhali mai amfani bai taɓa ganinsa ba. Tun daga nan ba na haɗa sabar da ban sani ba sai na karanta kowane bayani daga farko har ƙarshe, kuma a Inspector nake karantawa. Alamomin da MCP ta ƙara a 2025, irin su readOnlyHint da destructiveHint, suna taimakawa wajen gane kayan aiki mai dubawa kawai da mai gogewa, amma maganar mai sabar ce, ba shaida ba.

Inspector yana da iyaka, kuma ba laifinsa ba ne, ba don haka aka gina shi ba. Ba ya ba da maki, ba ya cewa wannan bayani ya yi ko bai yi ba. Kai ne ke zaɓar kayan aikin kana cike guraben, don haka nasara a nan ba ta tabbatar da cewa wakili zai yi daidai. Abin da nake yi shi ne in rubuta buƙatu irin na mutane, har da masu ruɗani, in ba wakili na gaske, in duba wanne ya ɗauka. A waccan sabar, da muka rubuta a kowane bayani lokacin da ake amfani da shi da lokacin da za a koma ga ɗayan, muka sa misalin kwanan wata, ruɗanin ya ragu ƙwarai ba tare da an taɓa shirin sabar ba.

Ina ba duk mai gina saba ko mai haɗa ta da wakili shawarar ya yi amfani da shi, sannan ya biyo da gwajin wakili na gaske.