Takardar I-20: yadda ofishin ɗaliban waje na jami'o'in Amurka ke aiki, da inda yake gazawa

Duk jami'ar Amurka da gwamnati ta amince ta ɗauki ɗalibai daga waje tana da ofishin da ke kula da su. A cikinsa akwai jami'an da ake kira DSO, su kaɗai ke da ikon fitar da takardar I-20, wadda ke shaida cewa ɗalibi ya cancanci neman bizar karatu ta F-1. Takardar samun gurbi kaɗai ba ta kai mutum ko'ina. Da I-20 ake biyan kuɗin SEVIS, wato tsarin da gwamnatin Amurka ke rajistar ɗaliban waje a ciki, da ita ake cike fom ɗin neman biza na DS-160, da ita ake shiga ganawa a ofishin jakadanci, ita ce kuma jami'in shige da fice zai nema a filin jirgi. A ganinmu aikin wannan ofishi yana da tsari, abin dogaro ne, ba ya buƙatar dillali ko ɗan tsakiya. Matsalarsa biyu ce: yana jinkiri daidai lokacin da ɗalibi ya fi matsuwa, kuma ba ya gyara wa kowa kuskurensa. Abin da ka ba su, shi za su rubuta.

Da zarar an ba ka gurbi, yawancin jami'o'i za su aiko maka da hanyar shiga wani shafi na intanet inda za ka ɗora takardu. Abubuwan da ake nema ba su da yawa: hoton shafin fasfo mai ɗauke da suna da ranar haihuwa, shaidar kuɗi, da takardar da mai ɗaukar nauyinka ya sa wa hannu. Mai tafiya da mata ko 'ya'ya zai ƙara da fasfo ɗinsu, domin kowannensu ana fitar masa da tasa I-20 don bizar F-2, kuma kuɗin da za a nuna yana ƙaruwa a kan kowane mutum. Wasu jami'o'in ba sa taɓa fayil sai an biya kuɗin kama gurbi.

Wajen shaidar kuɗi ne aka fi samun cikas, kuma a nan ne ya kamata a ce ofisoshin suna yin bayani fiye da yadda suke yi. Abin da ake so shi ne ka nuna kuɗin shekarar karatu ɗaya cif, wata 9 ko 12 gwargwadon tsarin makarantar: kuɗin makaranta, na masauki da abinci, inshorar lafiya, littattafai. A ce jami'a ta ƙiyasta dala 28,000 na makaranta, 14,000 na zama, 3,000 na inshora da sauransu. Jimilla 45,000 ke nan. Idan ta ba ka tallafin 20,000, saura 25,000 ne a wuyanka, kuma idan takardar bankinka ta nuna 24,600 za a dawo maka da ita. Ba a yin ragi, roƙo kuma ba ya amfani. Ga wanda kuɗinsa ba a dala yake ba, jami'in yana iya yin canji da farashin ranar da ya buɗe fayil ɗin, ba na ranar da banki ya buga takardar ba, don haka a bar rara mai kauri a sama.

Kuɗin kuma dole ya zama wanda za a iya cirewa yau. Gida, fili, gona, mota, kayan shago, duk ba sa shiga lissafi komai darajarsu, kuma ofisoshi da yawa ba sa karɓar takardar albashi a madadin kuɗin da ke ajiye. Takardar bankin ta kasance da sunan mai asusu, kwanan wata, nau'in kuɗin da adadinsa, da Turanci ko tare da fassara. Galibi ba a karɓar wadda ta wuce wata 6, wasu ma wata 3 suke cewa. Idan asusun kamfani ne, sai an haɗa da shaidar cewa mai ɗaukar nauyin yana da ikon taɓa kuɗin. Iyaye biyu ko kawu da yaya za su iya haɗa ƙarfi, amma kowa da takardarsa da adadin da ya ɗauka. Abin da muke roƙon ɗalibai su guje masa shi ne kuɗin aro da ake zubawa a asusu na kwana biyu don a buga takarda. Mai yiwuwa ya wuce a ofishin jami'a, amma jami'in biza yana iya tambayar asalin kuɗin, kuma wanda aka kama da takardar bogi zai iya rasa damar shiga Amurka har abada.

Akwai wani abin da ba mu jin daɗinsa: adadin kuɗin zama da ke kan takardar ƙiyasi ne na matsakaici. A manyan birane irin su New York da Boston haya kaɗai tana iya cinye shi. Kada kuma a ɗora buri a kan aikin cikin makaranta, domin awa 20 a mako doka ta yarda lokacin da ake karatu.

Sai jinkiri. Ofisoshi da yawa suna rubuta mako biyu zuwa uku a shafinsu, amma lissafin yana farawa ne daga ranar da fayil ya cika. Aka ga hoton fasfo ya yi duhu ko an manta sa hannu, sai ka koma bayan layi. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da masu fara karatu a Agusta da Satumba ke rububi, amsar imel tana ɗaukar kwanaki, waya kuma da wuya ta kai ka ga wanda fayil ɗinka ke hannunsa. Aika saƙo biyar a rana ba ya hanzarta komai. Saƙo ɗaya mai ɗauke da cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, lambar ɗalibi da tambaya guda ya fi saurin samun amsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: tunda ana iya ba da bizar F-1 tun saura kwana 365 a fara karatu, babu dalilin jira.

Inda suka cancanci yabo shi ne isar da takardar. A da sai an biya kamfanin aika saƙo, a zauna jiran ambulan. Tun daga 2020 aka yarda jami'in ya sa hannu ta kwamfuta ya turo ta imel, kuma tsarin ya zauna. Sai dai nuna ta a waya ba ya wadatarwa. A buga shafuka ukun a takarda, ɗalibi ya sa hannu da biro a ƙasan shafin farko, wanda bai kai shekara 18 ba kuma mahaifi ko waliyyi ya sa nasa.

Kafin sa hannun, a zauna a karanta shafin farko layi bayan layi da fasfo a buɗe a gefe. A sama akwai lambar SEVIS, harafin N da lambobi goma. A duba gidan sunan dangi da gidan sunan yanka ko an juya su, abin da ke yawan faruwa ga mai suna uku. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta. Rubutun fasfo ake bi ko da takardar sakandare ta rubuta daban. A duba ranar haihuwa, domin fom ɗin Amurkawa wata yake sa wa gaba, sai wanda aka haifa 4 ga Mayu ya wayi gari an rubuta masa 5 ga Afrilu. A duba matakin digiri da lambar fannin karatu, don ita ce daga baya ke nuna ko mutum zai iya neman ƙarin wata 24 a kan wata 12 na izinin aikin bayan kammalawa da ake ba masu fannonin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi. Gyara a wannan mataki imel ɗaya ne. Bayan an buga biza kuwa, wahala ce babba.

Kuɗin SEVIS dala 350 ne ga F-1, kuma a shafin FMJfee.com ake cike fom ɗinsa na I-901 da lambar SEVIS da lambar makaranta da ke kan takardar. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce 'yan ƙasa ko haifaffun Najeriya, Ghana, Kamaru, Kenya da Gambiya ba sa biya da katin banki a shafin, sai ta Western Union Quick Pay ko takardar kuɗi ta bankin Amurka. Ofisoshin jami'a ba kasafai suke faɗin wannan ba, ga shi kuwa yana cin kwanaki. Kuɗin neman biza daban ne, dala 185. Duka biyun ba a mayarwa idan an hana biza, kuma dokokin biza kan wasu ƙasashe suna sauyawa, don haka a leƙa shafin ofishin jakadanci kafin a fitar da ko sisi. Wanda ya sami I-20 daga jami'o'i biyu ya tsai da shawara tukuna, domin kowacce da lambarta, kuma sunan makaranta ɗaya ake bugawa a kan biza.

Ba a shiga Amurka sai saura kwana 30 ko ƙasa da haka zuwa ranar fara karatu da ke rubuce. Idan ranar ganawa ta faɗo bayan wannan rana, a sanar da DSO tun kafin ta wuce, ya ɗage zuwa zango na gaba a kan lambar SEVIS ɗin nan, ya turo sabuwar takarda. Wanda ya yi shiru, rajistarsa tana iya mutuwa, sai an sake sabuwa. Ranar tafiya takardar ta kasance a jakar hannu tare da fasfo da rasit ɗin I-901, domin ana ganin jami'in shige da fice kafin a kai ga akwati. Bayan an isa, dawowa bayan duk fitar da za a yi daga ƙasar tana buƙatar sa hannun DSO a shafi na biyu, wanda ke aiki na wata 12, kuma a riƙa adana tsofaffin I-20 ɗin duka, don ana neman su wajen neman izinin aiki.