Corolla ko Accord: Ka Ɗauki Corolla

Wa'alaikumus salam, Malam. Tsakanin motocin biyu da ka ambata, wato Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 da Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2007, wadda dillalai ke kira EOD da DC, shawarata ita ce ka ɗauki Corolla. Ita nake hawa shekara da shekaru, ita ke kai yara makaranta, ita kuma ke kai ni gida idan an yi biki ko rasuwa, saboda haka abin da zan faɗa maka game da ita na gani ne da idona.

Amincin da ake yi wa Toyota yana da asali, kuma sanin asalin zai taimake ka ka fahimci abin da za ka saya. Gidan Toyoda masu ƙera injin saƙa ne kafin su taɓa mota. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa a 1924 wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, domin kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi, kuma a 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi haƙƙin ƙera shi. Ɗansa Kiichiro ne ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin injin saƙa na gidansu a 1933, daga baya sashen ya tsaya da ƙafarsa a matsayin kamfanin Toyota a 1937. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya kusa durƙushewa, har a 1950 aka sallami ma'aikata da yawa, Kiichiro kuma ya sauka daga shugabanci. Wannan ƙunci ne ya koya musu tsoron ɓarna, kuma a ƙarƙashin injiniya Taiichi Ohno suka shimfiɗa tsarin da ya ba ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layin harhaɗa motoci idan ya ga kuskure, a gyara shi nan take kafin ya wuce zuwa mota ta gaba. Ƙa'idar injin saƙar nan ce aka mayar cikin masana'antar mota. A kan wannan tarbiyya aka fitar da Corolla a 1966, Hilux a 1968, Camry a 1982, kuma a 2021 kamfanin ya sanar da cewa Corolla da aka sayar a duniya ta haura miliyan 50.

Abin da wannan tarihi ya haifar a cikin motar da kake tambaya a kai shi ne sauƙin ƙira. Toyota ba ta gaggawar sanya sabon abu a Corolla sai ta tabbatar ya jure, don haka za ka samu injin lita 1.8 mai silinda huɗu, da sarƙa a maimakon bel wajen daidaita tafiyar injin, da giya mai canza kanta mai hawa huɗu kawai, da ƙafar baya wadda ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu. Babu abin burgewa a cikin wannan jeri, amma duk abin da aka rage a mota an rage wurin da zai lalace, an kuma rage abin da bakanike zai ɓata idan ya kwance. Wannan mota tana haƙuri da irin riƙon da muke yi wa motoci a nan, inda ake jinkirta juyen baƙin mai, ake shan fetur ɗin bakin hanya, ake loda mutum bakwai da buhun masara a kujerar da aka yi wa mutum biyar. Ba ina ba ka izinin yi mata haka ba ne, ina gaya maka ne cewa akwai rata mai faɗi tsakanin sakacin mai ita da mutuwar injinta.

Wata damina muna hanyar Birnin Kudu da iyali za mu ta'aziyya, na afka wani rami da ruwa ya rufe, sitiyari ya karkace nan take, motar ta fara ja gefe ɗaya. Na lallaɓa da ita har wani ƙaramin gari inda na tarar da bakanike a gindin bishiyar darbejiya, kayan aikinsa duka a cikin akwatin ƙarfe ɗaya. Ya durƙusa, ya kama tayar gaba da hannu biyu ya girgiza, ya ce tayarod ne ya lanƙwashe, bai ko tambaye ni shekarar motar ba, sai ya kira yaronsa ya tura shi a kan babur. Kafin mu idar da sallar La'asar yaron ya dawo da ƙarfen a leda, aka ɗaura, bakaniken ya daidaita tayoyin da zare ya ce in kai ta a auna da na'ura idan na shiga birni. Mun isa gidan rasuwar kafin Magariba. Abin da ya zauna mini a rai shi ne yadda mutumin bai yi ko ɗar ba, domin ya kwance irin wannan ƙafa sau ba adadi, kuma kayanta na nan a shagon da ke kusa da shi. Ga mai iyali da ke bin hanyoyin ƙauye, wannan kwanciyar hankali ta fi duk wani ƙyale-ƙyalen da ke cikin mota daraja.

A ƙasashen da ake tambayar masu motoci ana ƙididdige amsoshinsu, kamar binciken da Consumer Reports ke fitarwa duk shekara a Amurka, Toyota da ƙanwarta Lexus sun daɗe suna sahun gaba wajen ƙarancin matsala, Honda kuma ba ta nisa da su. A wurinmu ma'aunin gamsuwa yana bakin tasha da kasuwa. Ka duba motocin da direbobin haya ke zaɓa da kuɗinsu, waɗanda kwana ɗaya a gareji asarar abincin gida ce a gare su, ka kuma zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kayan Corolla, sabo ko na Beljiyam, ka ga shago nawa za su ce akwai. Iyayenmu sun taɓa samun irin wannan gata da Fijo 504 bayan an buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975, lokacin da kowane gari yake da mai gyaranta, kuma yau Toyota ce ta gaji wannan matsayi. Daga nan ne darajarta a kasuwa ta samo tushe: ranar da buƙata ta taso ka ce za ka sayar da Corolla mai lafiya, ba za ta kwana da yawa a hannun dillali ba. Sannan tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, bambancin shan mai tsakanin injin lita 1.8 da na lita 2.4 ya zama abin da mutum ke ji a aljihunsa kowane mako.

Ita kuwa Accord, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Soichiro Honda, wanda kafin ya kafa kamfaninsa a 1948 yana ƙera ringin fistin ne yana sayar wa Toyota, gwanin injin ne na gaske, kuma injin Accord mai lita 2.4 yana da ƙarfi da ƙarko. Ta fi Corolla faɗi, ta fi ta daɗin zama, ta fi ta kama titi idan an miƙe hanya, domin da ma ajinsu ba ɗaya ba ne, Camry ce tsararta. Sai dai mota ce mai son a bi ƙa'idarta. Giyarta ba ta son kowane mai sai irin wanda Honda ta tanada, ƙafar gabanta tana da gaɓoɓi da yawa, kuma duk wanda ya daɗe a titunanmu ya ga irinta a gefen hanya tayar gaba ta kwanta saboda boljoyin ya fita, wanda galibi ramuka da jabun kaya da rashin dubawa ke jawowa. Mai silinda shida ta 2003 da 2004 kuma an san ta da matsalar giya, har kamfanin ya yi kiranye a kanta a 2004, saboda haka ita kam kada ka kusance ta. Idan kana da amintaccen bakaniken Honda da kuɗin ajiya na gyara, za ta yi maka hidima. Idan albashi kake jira, ba taka ba ce.

Kada kuma ka ɗauka Toyota ba ta da tabo. A 2009 da 2010 ta janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, shugabanta Akio Toyoda ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri, a 2014 kuma kamfanin ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.2 kan yadda ya ɓoye wa jama'a gaskiyar lamarin. Camry mai lita 2.4 ta wajen 2007 zuwa 2009 ta yi suna da shan baƙin mai. Abin da ya fi shafar ka kai tsaye shi ne jakar iska ta kamfanin Takata, wadda kan tarwatse ta watsa ƙarafa a fuskar mutum idan ta daɗe a wuri mai zafi da laima. Matsalar ta shafi Corolla da Accord na waɗannan shekaru baki ɗaya, ta kuma kai Takata ga karyewa a 2017. Da lambar shasi za ka iya bincikawa a intanet ko an canza wa motar da za ka saya tata kafin ta baro Amurka.

Ba ka tambaye ni game da dillalai ba, amma wajibi ne in faɗa maka, domin sunan Toyota ne ya fi jawo marasa tsoron Allah a wannan sana'a. Sun san mutum yana jin an ce Corolla sai jikinsa ya saki, ya daina bincike. Motar da ta yi shekara ashirin a duniya lafiyarta tana hannun waɗanda suka riƙe ta, kuma alamar da ke goshinta ba za ta gyara injin da aka ƙona ba. Akwai masu ɗaukar motar da ta gaji da aikin haya a nan gida, su cire lamba, su fesa fenti, su wanke kujeru, su liƙa takarda a gilashi su ce 'yar Kwatano ce da ta sauka jiya. Akwai masu mayar da lissafin tafiyar da ke kan dashbod baya, sai ka ga mota tana nuna ƙaramin adadi alhali robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, fatar sitiyari kuma ta yi santsi. Akwai motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu, aka shanya su aka loda a jirgi. Irin waɗannan ka ɗaga kafet ɗin ƙasa da na but ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa a jikinsa.

Ka je ganin motar da sassafe, ka kuma sharɗanta kada a tayar da ita kafin ka iso, domin injin da ya kwana ne yake faɗin gaskiya. Ka taɓa shi da hannu ka tabbatar da sanyinsa, sannan ka murɗa makulli rabi ka duba fitilun dashbod: fitilar injin da ta jakar iska dole su kama sannan su mutu bayan an tayar, idan ba su kama ba ko kaɗan to an cire ƙwansu ne don a ɓoye matsala. Ka sa wani ya tsaya a bayan motar ya kalli salansa, hayaƙi mai shuɗi alama ce ta injin da ke cin mai, kuma wasu kan zuba baƙin mai mai kauri don su rufe wannan na ɗan lokaci. Ka zaro sandar man giya ka goga a farin ƙyalle, ja ya kamata ka gani, idan baƙi ne mai ƙauri ka bar ta. Ka sa bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba ko an fasa tukunyar salansa an kwashe abin da suke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, wanda ake sayarwa da tsada, domin rashinsa yana ƙara hayaƙi kuma yana kunna fitilar injin. Bakaniken ya zama naka ne wanda ka zo da shi ka biya shi, kada ka yarda da wanda dillali ya kira maka, ya kuma zo da na'urar da ake jonawa ta karanta kwamfutar motar. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ta yi daidai da ta jikin ƙofar direba da ta takardun kwastam, kuma ka tabbatar da biyan dutin a ofishin kwastam da kanka kafin ka ba da ko sisi. Duk wanda ya ce maka akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi da yamma, so yake ya hana ka wannan bincike.

Ka nemi Corolla ta 2005 zuwa 2008 mai injin lita 1.8 wadda ba a taɓa sauke injinta ba, ko da fentinta ya ɗan koɗe, domin fenti na asali da ya sha rana ya fi sabon feshi da ba ka san abin da ya rufe ba. Kada ka ƙarar da kuɗinka duka a kan saye. Ka ware wani abu ka juye baƙin mai da man giya irin T-IV da aka rubuta mata, ka zuba ruwan sanyaya injin na gaske a lagireto a maimakon ruwan rijiya, ka duba shekarun tayoyin da ke rubuce a gefensu ka canza waɗanda suka tsufa. Idan bakanike ya ce zai cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, ya haɗa fanka kai tsaye saboda wai ƙasarmu da zafi, ka hana shi, domin injin da ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa ya fi shan mai kuma ya fi saurin cinyewa. Allah Ya sa ka saya a sa'a, Ya kiyaye hanya.