Ɗaurin bakin gita da abin da na gani a Jidda

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, kun tambaye ni ko aikin da nake yi a Jidda ya bambanta da kafintancin da kuka koya mini, don haka na ga ya dace in ba ku labarin aikin da ya fi ɗaukar hankalina.

A shagonmu ana gyaran ud, wato molon Larabawa, da kuma gita, wani lokaci har a ƙera sabuwa. Aikin da aka damƙa mini shi ne ɗaurin baki, wato siririn katakon da ake zagaye gefen gita da shi, kamar yadda dukawa suke kalmashe bakin jaka. Da farko na ɗauka ado ne kawai, ashe shi ne yake tare gefen idan ta bugu da wani abu, yana kuma toshe bakin katakon fuskar gitar don kada danshi ya shige shi. Kusa da shi ake shimfiɗa zaren ado, sirara uku, baƙi da fari da baƙi, waɗanda farce ma yana iya karya su.

Ana fara yanke gurbi mai hawa biyu a gefen da ƙaramin inji, ɗaya na ɗaurin, wanda kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, ɗaya na zaren. Sannan a ɗan jiƙa katakon, a lanƙwasa shi a jikin bututun ƙarfe mai zafi har ya ɗauki siffar ƙugun gita, a shafa gam, a riƙa danna shi kaɗan-kaɗan ana ɗaurewa da salatif. Idan ya kwana, sai a kankare da faifan ƙarfe har yatsa ya kasa jin mahaɗar. Ranar farko na fizge salatif da sauri ya taho da ɓawon katakon fuska, abin da ya hana ni barci. Tun daga nan a hankali nake ɓare shi, a karkace.

Kayan aiki kam ba a magana. Gam iri-iri ne, akwai Titebond na Amurka, akwai gam ɗin fata da ake narkawa, wanda zafi da ruwa suke sake shi idan gyara ya taso, alhali mu a gida Top Bond ɗaya muke yi wa kowane aiki. Wuta ba ta ɗaukewa inji ya tsaya a tsakiyar gurbi. Sai dai kusan komai daga waje yake zuwa, ga harajin kashi 15 cikin 100 da aka sanya tun 2020, ga jiran oda.

Abin da yake ci mini rai shi ne katako. Sirarin da muke saya da tsada a nan ba su fi madobiya da kanya da maɗacinmu kyau ba, madobiyar ma da ƙasar Sin ta yi ta kwasa har aka sanya ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a 2017. Bambancin yana wajen busarwa. A kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano sau da yawa ɗanye muke saya mu hau aiki, hunturu na zuwa mahaɗa ta buɗe baki. Su ma nan suna da irin wannan fargabar, domin gitar da aka haɗa cikin laimar Jidda tana iya tsagewa a bushin Riyad, shi ya sa ake riƙe danshin ɗakin aiki kusa da kashi 45 zuwa 50.

Roƙona, Kawu, ku sa a tsaga mini kanya da maɗaci, a jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, kada kowa ya taɓa su sai na dawo, in Allah ya yarda.